Tabita Mai Koyon Damun Fura

A unguwarmu ta Birnin Kudu, idan yarinya ta ɓata girki, uwarta kan ce mata, "Ke ma kin zama Tabita." Har yanzu ana faɗa, kuma duk lokacin da na ji sai raina ya sosu. Tabita ta rasu bara, tsohuwar da abin ya shafa ta riga ta, don haka yau zan faɗi abin da na sani.

Tabita, wadda muke kira Maman Iliya, Kirista ce, daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Aure ya kawo ta nan, mijinta makaniken babura ne. Ita kuma injin niƙa gare ta a zaure, kullum gira da ɗankwali fari fat da gari. Ba ta da yawan magana, sai dai dariya mai ƙarfi da ake ji har gidanmu, don katanga ɗaya ta raba mu.

A ɗaya gefen gidanmu akwai Inna Turai, tsohuwar Bafulatana. Da mai tallan nono ce, har ƙafa ta gaza. Shanun gidan sun ƙare tun mijinta na raye, 'yarta tilo ta rasu wajen haihuwa, ta saura ita kaɗai a ɗaki. Abin da bai ƙare mata ba shi ne kunya. Inna ba ta cin abinci a gaban mutum, ba ta kuma karɓar abin da ya yi kama da sadaka. Mun gwada, Allah ya sani. In na aika mata da tuwo, sai kwano ya dawo a rufe yadda ya tafi, da saƙon cewa ta ƙoshi. Ina ƙoshi? Zane sai ta naɗa shi sau biyu kafin ya zauna. Na yi fushi na ce tsohuwar nan girman kai zai kashe ta, kuma da gaske hanyar da ta kama ke nan.

Wata rana da hantsi sai ga Tabita ta shiga wurinta da ƙwarya, da curin fura manya, da kindirmo. Ina tsakar gida ina jin su.

"Inna, taimako na zo nema. Maigidana ya ce furata ba ta shiga baki. Ki koya mini damu irin naku."

Tsohuwa ta ce, "Miƙo ludayin. Ku dai ba ku san komai ba sai inji."

Inna ta dama tana faɗa. Tabita ta kurɓi ludayi ɗaya, ta yaba, sai ta miƙe wai ta ji ana sallama a wurin niƙa. Ta bar ƙwaryar, ta ja ƙofar langa-langa a bayanta. Da ta koma ɗauka da azahar, ƙwarya a wanke take. Inna ta ce kaji ne suka ɓarar. Kaza ɗaya gare ta, ita ma gurguwa.

Washegari Tabita ta koma, wai ta manta yadda ake murje gudajin. Daga fura aka koma miyar kuka, daga nan dambu. Kullum akwai abin da ya gagare ta, kullum kuma ana kiranta a wurin inji daidai lokacin da abinci ya sauka. Naman miya ba ta sayensa sai a wurin mahaucin da Inna ta sani. Da azumi ta mayar da darasin gab da magariba. Ranar Lahadi, da kayan cocinta take wucewa can kafin ta shiga gida. Inna ta murmure, har ta fara fitowa ƙofar gida tana ba mutane labarin ɗalibarta mai taurin kai.

Nan ne unguwa ta samu abin dariya. Shekara ta zagayo, wata ta bi, mace da 'ya'ya manya tana koyon damu. A gidan suna akan hana ta taɓa tukunya, ana zolaya. Wasu suka ce ba girki ba ne, so take ta ja tsohuwa zuwa coci. Wannan ma ya je kunnen Tabita, ta ci gaba da zuwa wurin Inna. Ni dai shaida ce, ban taɓa jin ta yi wa Inna zancen addini ba, sai ma tuna mata da take yi cewa an kira la'asar.

Na gano gaskiya ne da na raka ta bikin ƙanwarta a Gwaram. Can na tarar ita ce uwar tukwane, mata na jiran ta ɗanɗana kafin a sauke. A motar dawowa na kasa haƙuri.

"Maman Iliya, kin iya girki haka kika bari ana mayar da ke abin wasa?"

Ta ce, "Barira, damu irin na Inna har gobe ban kai ta ba, wannan ba ƙarya na yi ba. Sauran kuwa, dole ɗayanmu ta ji kunya kafin Inna ta ci abinci. Ni zan iya ɗauka, ita ba za ta iya ba."

Na ce ko godiya ba ta samu, sai faɗa.

"Mu abin da aka koya mana, Yesu ya ƙaunace mu tun ba mu san mu gode ba. In na tsaya jiran godiyar Inna, ai na sayar mata ke nan. Don Allah ki bar shi a cikinki."

Na bar shi, amma da ƙyar. Ni mai baki ce, kowa ya sani.

Inna ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Tabita ce ta yi ta wankin zannuwanta har ƙarshe. Da aka zo yi mata wanka sai ta fita waje ta ba mu wuri, ta zauna a kan turmi tana kuka kamar wadda ta rasa uwa.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gidan. Munawwara, wadda ba ta iya ganin wuri ya yi shiru, ta dubi Tabita ta ce, "To Maman Iliya, malama ta tafi. Wa zai ƙarasa miki karatun?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki zan faɗa musu wanda ya ciyar da tsohuwar nan shekara da shekaru muna zaune, sai na ji hannun Tabita a gwiwata, ta matse da ƙarfi. Idonta jawur, ta dubi Munawwara.

"Babu kowa," in ji ta. "Ta yi haƙuri da ni ƙwarai. Ku dai ku yi mata addu'a."