Shanyar Hoki da Tantabarun Makka

Ɗana ya goyi bayan tantabara a kaina, a gaban 'ya'yansa, kuma har yau ban ce na yafe ba. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Tun da ya ajiye gemu nake kiransa Ustazu, shi kuma yana amsawa da fara'a, a zatonsa girmamawa ce.

Abin ya samo asali ne daga Yaya, wadda muke ciki ɗaya da ita. Tana can Ɗambatta, rabona da ganinta tun kaina ba furfura. Duk shekara idan alhazai za su koma nakan aika mata da tsaraba: dabino, zamzam, carbi, darduma. A shekarar da nake ba da labari, bayan an sauko daga Arfa, sai ga saƙon muryarta ta wayar jikarta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har da waɗanda suka rasu, sannan ta ce, "Dardumar bara ta iso, Allah ya saka. Na ga irinta a Kwari, har ta fi taki laushi. Ke dai tun da Makka ta haɗiye ki ban taɓa sa abin da hannunki ya yi a bakina ba. Ni kuwa na kusa tafiya."

Yaya ta daɗe tana kusa tafiya. Amma wannan karon muryar ta sirance, tana tsayawa ta ja numfashi a tsakiyar magana. Na saurara na sake saurara, na ce kafin alhazan garinmu su tashi sai na haɗa mata abin da na yi da hannuna.

To me zan aika? Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga can ake kawo mana su nan unguwar Mansur a Makka. In na aika mata da su na kai wa kogi ruwa. Sai na tuna da wani ɗan itace da ake kawowa daga Ɗa'ifa da zafi. Larabawa na kiransa khokh, da wani kakari a maƙogwaro kamar mai shirin tofar da majina. Ni bakina bai iya ba, hoki nake cewa. Girmansa kamar ƙaramin mangwaro, fatarsa da gashi-gashi kamar kan jariri, ƙwallo ɗaya ne a ciki mai tsage-tsage. Ɗanyensa ba ya tafiya, kwana kaɗan ya ruɓe. Amma ni 'yar manoma ce. Abin da ya ƙi ajiyuwa, rana ake kai wa ƙararsa. Na ce zan yanka shi in shanya kamar kauɗar tumatir. Wata hajiyar garinmu da ta zo aikin hajji ta yarda za ta ɗauka, da sharaɗin kada ya yi nauyi, kada kuma ya zo a kwalba. Ta ce jirginsu ya kusa, in shirya da wuri.

Ranar Asabar Ustazu ya kai mu Shafa, can saman duwatsun Ɗa'ifa, inda masu gonaki ke barin iyali su shiga su tsinka da kansu. A motarsa muka tafi, kuma dole in yi maganar motar nan. Fara ce, har yau ledar kamfani na jikin kujerunta. Yana wanke ta fiye da yadda na wanke shi yana jinjiri, har riga yake sa mata in ya ajiye ta a tsakar gida. Ba a ci a ciki, ba a sha, tari ma sai ka nemi izini.

Jikokina biyu ke baya tare da ni. Babbar mace ce, sunana aka sa mata, ina kiranta Takwara, ta fara makaranta ke nan. Ƙaramin namiji, Maigida, bai iya ɗaura wando ba tukuna amma ya iya ba da umarni. Ba sa ce mini Kaka, sai Sitti. In na yi musu Hausa su ji sarai, su mayar mini da Larabci, kamar na ba da gero an biya ni da shinkafa.

Da muka shiga gonar, iska mai sanyi, itatuwa sun sunkuya da 'ya'ya har suna taɓa ƙasa. Maigida ya ruga. Takwara kuwa ta tsaya cak a gaban reshe, hannu a baya.

Na ce, "Tsinka mana, ko jira kike ya gaishe ki?"

Ta ce, "Haram, ya Sitti. Malamarmu ta ce ba a cire itacen Makka."

"Nan Makka ce? Kin taɓa jin sanyi a Makka in ba na na'ura ba? Mun fita Harami tun a ƙasan dutse."

Sai a lokacin na lura yarinyar nan ba ta taɓa cire komai daga jikin bishiya ba. A saninta 'ya'yan itace a kwali suke tsirowa. Na kama hannunta na nuna mata: ki tallafe shi a tafi, ki murɗa kaɗan, in ya nuna zai biyo ki da kansa, in ya ƙi ki bar shi, bai shirya ba. Na farkon da ya faɗo mata a hannu sai da ta waiga ta ga ko wani zai kama ta. Daga nan kuma ba ta ƙara sauraren kowa ba, har ta fara yi mini gyara.

Maigida nasa tsarin daban. Ya gatsa, in da zaƙi ya cinye, in da tsami ya jefa a akwatinmu. Da na kama shi ya ce taimakona yake yi, yana ɗanɗana wa Sitti ta Najeriya, wato Yaya. Gashin hokin ya sa shi ƙaiƙayi a wuya da kumatu, ya yi ta susa yana kuka yana ci. Uban yana gefe a inuwa da waya, yana ɗaukar hoton motarsa da duwatsu a bayanta. Muka cika akwati uku.

A hanyar dawowa muka tsaya a Hada, inda birai ke zama a bakin titi kamar masu karɓar haraji. Wani ƙaton gwaggon biri ya fizge hoki daga hannun Maigida, ya haye kan motar ya zauna yana ci, ruwan yana ɗiga a kan farin fenti. Ban taɓa sanin Ustazu na da gudu ba sai ranar. Ya tattare jallabiya, ya cire takalmi, ya bi birin nan da jifa da kalmomin da ban koya masa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da muka iso gida surukata ta ga akwatunan ta ce, "Inna, a yi murabba mana, a dafa shi ya yi kauri kamar zuma. Na gani a waya, sukari ne da lemon tsami, a zuba a kwalba." Na ce Yaya na da ciwon sukari, hajiya ta ce ban da kwalba, kuma ni ban zo duniya don waya ta koya mini ajiye abinci ba. Ta ja akwati ɗaya ta tura cikin firji don murabbarta. Na gani, na kau da kai.

Washegari muka zauna aiki. Ni ke yanka, siriri-siriri. Takwara na cire ƙwallo da cokali, tana tsoma yankan a ruwan lemon tsami don kada ya yi baƙi. Maigida aka ba aikin jerawa a faranti, ya jera biyu ya ci ɗaya. Muka hau da su saman bene, muka shimfiɗa tsofaffin zannuwana, muka baza. Ranar Makka ba ta wasa. Kafin la'asar gefen yankan ya fara naɗewa, ƙamshi ya cika saman benen kamar ana dafa zuma. Na ɗauki ɗaya na tauna, na ce Yaya za ta san ina da hannu.

Da rana ta yi sanyi na zaunar da yaran a inuwar tankin ruwa, na ba Takwara mafici, na ce, "Ku tsare mini. Duk abin da ya sauka ku kore shi." Na sauka in yi sallah.

Da na dawo ban ga shanya ba. Tantabaru na gani, bene ya yi toka-toka da su, suna tattakawa, suna tsattsaga, suna yin abin da tantabara ta fi iyawa a kan abin da ba su ci ba. Masu gadina suna tsaye jikin tanki ko motsi ba sa yi. Takwara ta rungume ƙaninta ta baya, ta toshe masa baki da hannu.

Ta ce da raɗa, "A hankali, Sitti. Kar ki firgita su. Tantabarun Harami ne."

Na cire silifa. Ban kai ga ɗaga hannu ba na ji an riƙe ni ta baya. Ustazu ne ya dawo daga aiki.

"Ummi, ki ji tsoron Allah. A Makka muke. Ba a korar tsuntsun Harami, ba a razana shi."

"Abincin yayata suke wa kashi."

"Rabonsu ne. Sadaka ce Allah ya rubuta miki." Ya juya ga 'yarsa ya shafa kanta. "Ahsanti, kin kyauta. Kin fi manya sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ban yafe ba.

Ba hukuncin nake ja da shi ba. Da girmana na shiga makarantar manya ta mata, ina zaune a benci da gilashi a hanci, na haɗa baƙi da kaina har na karanta babin alfarmar Makka. Na san shi, na yarda da shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wanda ke karanta mini shi. Yaron nan da alkamar tantabara na raine shi. Shekaru na yi ina zaune a bakin hanyar Harami da ƙulle-ƙullen alkama a leda, ina sayar wa alhazai su watsa wa tsuntsayen nan don neman lada. Kakannin kakannin waɗannan da ke kan shanyata ni na ciyar da su. Idan masu kamen 'yan talla suka ɓullo, mu ne ke kwasar tsumma mu ruga, da goyo, da tsufa, da ciwon gwiwa, tantabarun kuwa ko tashi ba sa yi. Ban taɓa jin wani ya ce kada a razana mu ba. Da aka tashi unguwarmu ta kan dutse a Nakkasa, mu muka bar wurin, su suna nan a kan ɓaraguzan suna kuka irin nasu na ƙoshi.

Na ce, "Ustazu, birin jiya fa? Shi ba halittar Allah ba ne?"

"Can ba Harami ba ne, Ummi."

"Ashe. Na zaci don ya hau mota ne."

Ya yi murmushin masu haƙuri da jahilai, ya sauka. Sai da magariba ta yi tsuntsayen suka tashi don kansu, kamar baƙin da suka gama walima. Na duba, babu yanki ɗaya da zan iya aika wa mutum. Na naɗe zannuwan da abin da ke ciki na kai shara. Takwara ta biyo ni tana jan gefen mayafina.

"Sitti, kin yi fushi da ni?"

"Da ke? Ke aikin da aka koya miki kika yi."

"To Sitti ta Najeriya ba za ta ci ba ke nan?"

A daidai lokacin hajiyar garinmu ta bugo waya ta ce an fara auna kayansu, in ina da saƙo kada ya wuce jibi.

Da asuba bayan na idar na shiga kicin. Na tarar da surukata ta riga ni, ta fito da akwatin da ta ɓoye ta ajiye a kan tebur, ga wuƙa a gefe. Ita ce ke shan wahalar tantabarun nan a kan wankinta, ba ta dai taɓa faɗa ba. Na tambaye ta ko akwai sauran alkamar da muke yin shorba, romon buɗa-baki, da azumi. Ta miƙo mini rabin buhu. Har na juya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Inna, rigar motar na jiƙa ta tun jiya. Ba za ta bushe yau ba."

Na tashi yaran. Muka yanka akwatin nan tas kafin rana ta fito, Maigida ma ya rage ci da aka gaya masa saura ke nan. Na ciro gidan sauron da na zo da shi daga gida tun zuwan farko, na ɗaure shi a saman bene daga tanki zuwa igiyar shanya, na danne gefensa da bulo, muka jera farantai a ciki. An ce kada a kore su, ba a ce a yi musu shimfiɗa ba.

Sannan na sauko da yaran tsakar gida, inda farar motar ke tsaye ba riga. Na cika musu kwano bibbiyu da alkama.

Takwara ta ce, "Wannan ba haram ba ne?"

"Wannan lada ce tsantsa. Babanki muke nema wa. Ki zagaye ta da kyau, har ƙarƙashin taya. Maigida, kai watsa sama, ka fi kowa hannu."

Tantabara ba ta buƙatar a aika mata. Kafin kwanukan su ƙare sun zubo daga kowane bene na layin, sun rufe motar tun daga gilashi har bayanta. Ustazu ya fito da makulli a hannu, da farar jallabiya mai guga, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga hannunsa ya nufi takalmi, ya tsaya a hanya.

Na ce, "A hankali, Ustazu, kar ka firgita su. Akwai tasi a bakin titi."

Na kama hannun Takwara muka hau bene juya hokin Yaya.