Muryar Babana a Cikin Garmaho

Ko zan mance da komai a duniya, ban da ranar da na fara jin muryar babana, ina da shekara talatin da ɗoriya, da mata da 'ya'ya. Ya rasu tun ina goye. Abin da aka gaya mini kawai, makaɗin gurmi ne mai yi wa manoma waƙa, kuma wani Bature ya taɓa zuwa Azarori da na'ura ya ɗauki waƙarsa ya sa a faifai.

A shekarun casa'in ina ɗinki a Madawa. Ranar wata kasuwa, mai sayar da kaset ya nuna mini wani sabon kaset na tsoffin waƙoƙin Adar, ya rantse da ta babana a ciki. Nan take na saya. Muryar siririya ce, ga sauri, ga shuuu kamar ana soya ƙosai, amma ina ruwana? Ubana ne! Na dami maƙwabta da ita, har ina maƙe murya ina kwaikwayo.

Da na kai wa Inna ƙauye, ta kasa kunne, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Waƙar dai tashi ta, amma wanga ba ubanku na ba. Wanga ai ɗan akuya na."

Wallahi na ji haushi. Na koma na tsare mai kaset. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma daga wani kaset ya kwafa, wancan ma daga wani, kuma ranar batirinsa ya yi sanyi, shi ya sa murya ta tsuke. Asalin faifan kuwa, ya ji an ce yana wurin wani tsoho a Buza da ake kira Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi wa Baturen tafinta.

Inna ta tsufa, ciwon ƙafa ya sa ta gaba, ni kuma tsoro nake ta tafi ba wanda zai tabbatar mini da muryar. Da na aika masa, Mushe ya ce faifansa ba ya fita ko ƙofar gida, don rana lanƙwasa shi take. To, sai na ɗauko Inna a gaban kamyo, babbar motar kaya, tana ta mita duk hanya wai zan ƙarasa ta saboda waƙa.

Da hantsi muka isa. Tsohon ya shimfiɗa mana tabarma, ya fito da garmaho daga cikin bargo, ya goge faifan da hularsa, ya wana hannun, ya ɗora allura. Aka ɗan yi ƙaraf-ƙaraf, gurmi ya shigo, sai wata murya mai kauri ta cika zauren. Kowace kalma tas, har numfashinsa ana ji. Inna ta ja mayafi ta rufe baki.

"Shi na," ta ce a hankali.

Can tsakiyar waƙa sai ga kukan jariri daga nesa, wanda shuuu ɗin kaset ya haɗiye gaba ɗaya. Babana bai tsaya ba, sai ya juya waƙar yana lallashi, yana cewa auta ya yi shiru, gero na nan tafe. A kaset na sha jin wurin nan, sauri bai bar ni na gane me yake faɗi ba. Inna ta dafa gwiwata.

"Kai na ke wannan tsiwa. Tun ran nan ba ka da haƙuri."

Na yi dariya, na yi kuka, ƙato da ni, a gaban mutane. Mushe ya yi ta maimaita mana har hannunsa ya gaji, Inna tana bin amshi tana kaɗa ƙafar da ta ce ba ta motsi.

Tun daga ranar na koyi in aka miƙo mini tsohon abu, waƙa ce ko labari, in tambayi daga hannun wa ya fito, in bi shi har tushe tun masu shaida suna raye. Da na tsaya a kan na kasuwa, da har in mutu ban san babana ya taɓa yi mini waƙa ba.