Banafsaj da ciwon huhuna a Madina

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Tallar furen banafsaj da na gani ana yaɗawa, wai maganin kowane irin zazzaɓi, ita ta fito da ni yau.

A farkon shekarun 1980 muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, maigidana Malam yana karatu a jami'a, ni kuma ina da ƙaramin ciki. Mura ta kama ni da zazzaɓi. Maƙwabciyarmu Hala Rabi, wadda aka haifa a can amma kakanninta 'yan Damagaram ne, ta leƙo ta taɓa goshina.

"Salamtik ya binti, sannu 'yata, banafsaj za ki sha," in ji ta.

Busasshen fure ne shuɗi-shuɗi mai ƙamshi. Ta dafa min nata da zuma, na sha na yi gumi, majina ta saki. Gaskiya na ji sauƙi.

Da nata ya ƙare, Malam ya sayo wani a wurin wani mai kayan yaji a kasuwa. Wannan warin rima yake yi. Ina toshe hanci ina kurɓa, ina amayarwa, ana sake dafawa.

Zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Kakin da nake tofarwa ya koma kore, daga baya ya zama kalar tsatsa. Warin bakina ni kaina yana tayar min da zuciya. In na yi tari kamar ana soka min wuƙa a haƙarƙari.

Wata safiya Hala Rabi ta zazzage ƙunshin da Malam ya sayo a faranti. Funfuna ce fari fat, da matattun ƙwari, da kashin ɓera. Abin da nake sha ke nan.



Ita ta tare mota ta kai ni asibiti. Aka ɗebi jini da kaki. Likita ya kara abin sauraro a bayana, ya ce ciwon huhu ne, kuma ya yi nisa. "Furen nan na mura ne, Hajiya. Huhu allura yake so."

Na kwanta ana ƙara min ruwa, allura safe da yamma har cinyoyina suka yi tauri. Babban tsorona cikin. Kullum sai na tambayi nas, ta ce in yi addu'a.

Malam ya koma wurin mai kayan yajin. Mutumin ko kunya bai ji ba, ya ce a kakkaɓe a sha, ai kayan Madina duk albarka ne. Wannan maganar ta fi kashin ɓeran ba ni ƙyama.

Alhamdulillah, na warke, cikin ya tsaya. Allah ya jiƙan Hala Rabi, ya saka wa likitan nan da alheri.

'Yan uwa, ku baje duk ganyen da kuka saya a faranti kafin ya shiga tukunya. Mai ciki ta tambayi likita tukuna. In zazzaɓi ya ƙi sauka, ko kaki ya sauya launi, a ajiye kofi a nufi asibiti.