Ƙwarin da Ƙanena Ya Rataye Mini a Gona

Ni aka cire daga lakwal, wato makarantar boko, don in riƙe gonarmu ta Ollelewa, ƙanena kuwa aka bar shi har jami'a a Yamai, wai karatun noma. Abin ya daɗe yana ci mini rai: ni da kanta a hannu, shi da takarda.

Shekarar da murzuna ta faɗa wa hatsi, tsutsar nan mai cinye zangarniya tun tana tsaye, sai ga shi kan babur ɗin aikin gona da 'yan buhunan algarara. Na ce ina maganin feshi?

Ya ce, "Yaya, ƙwari ne a ciki, su za su kashe tsutsar."

Na ce, "Auta, duk shekarun nan ƙwari ka je koyo? Ai muna da su kyauta."

Ya yi dariya, ya rataye buhunan a itatuwa, ya hana feshi. Ban yarda ba, na ƙyale shi ne don dabara ta ƙare mini.

Hatsin ya tsira, ban bar yara na tafi cin rani ba. Har yau ina jin zafin cire ni daga lakwal. Amma damin farko shi na aika wa, na kuma gode Allah da ɗayanmu ya yi karatun.