Malam Hamadu da Talatar da Na Taɓu

Ina buɗe shago da safiyar Asabar sai ga limamin unguwarmu a kan babur. Ko kashe shi bai yi ba ya ce, "Alhaji Sani, sai haƙuri, Malam Hamadu ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun shinkafar Maga.

Malam Hamadu tsohon ma'aikacin gidan waya ne a nan Garwa, kuma maƙwabcina na shekaru masu yawa. Ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ko fankar masallaci ce ta fara ƙara, ana sallame salla za ka gan shi a ƙarƙashinta ya kasa kunne. Yakan ce, "Na'ura ba ta da mugunta, mai ita ne ke da gaggawa."

Ni ne mai gaggawar. A shekarun da intanet ke shigo mana ta igiyar tarho, wata motar auduga ta tsinke igiyar layinmu ranar Talata. 'Yata Hadiza kuwa tana jiran takardar kiran jarrabawar shiga makarantar jinya. Ta imel aka ce za a turo, kuma ranar Juma'a ba mai shiga ɗakin jarrabawa sai da ita a hannu. Ɗana da ya san lambar sirrin akwatin imel ɗin yana can dajin Poli inda waya ba ta shiga, don haka ba halin buɗewa a wani wuri sai a kwamfutar shagona.

Malam Hamadu ya ce in je ofishin tarho, sashen gyaran layi da ake kira deranjama, in kai rahoto. Ya so ya raka ni, na ce haba, ni da nake ciniki da Faransanci tun ba a haifi ma'aikatan ba. Na tsaya gaban wata madam, na gyara babbar riga na ce, "Madame, je suis dérangé depuis mardi." Ta ja kujerarta baya. Na ɗaga murya na ƙara mata da cewa duk layinmu haka muke, har da liman. Cikin ladabi ta yi min kwatancen asibiti.

Na dawo ina ta faɗa. Da na maimaita masa kalamaina, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Alhaji, ai ce mata ka yi ka taɓu tun Talata! Layin ne ke cikin deranjama, ba kai ba." Ya ja ni muka koma. Ya faɗi lambar tarho, ya faɗi rana, ya kwatanta sandar da igiyar ta tsinke, shi ke nan. A hanya ya ce, "In za ka kai ƙarar waya, faɗi lamba, faɗi rana, ka bar tarihin kakanka a gida."

Sai dai sun ce gyara sai mako mai zuwa. Hadiza ta zauna a shago tana kuka, ni kuma hankalina ya tashi da gaske. Malam Hamadu ya ja kujera gaban kwamfuta. Na ce, "Malam, ai babu intanet." Ya ce, "Wasiƙar da ta riga ta shigo akwati, tsinkewar igiya ba ta mayar da ita waje." Ya buɗe wajen saƙonni, sai ga takardar. Tun Litinin ta iso, tana zaune muna ta zagaya gari. Ya buga ta ya miƙa wa Hadiza, ya ƙi shan ko shayi.

Hadiza ta ci jarrabawar. A ciwonsa na ƙarshe ita ce ke jinyarsa a asibiti. Duk sanda ta shigo da allura sai ya ce, "'Yata, da na san ni za ki riƙa soka, da na bar takardar nan a cikin na'ura." Ita ce ta rufe masa idanu.

Allah ya jiƙan Malam Hamadu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Hajiya Asta da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Amin.