Telan Da Ke Rage Rigar 'Yarsa

A bencin asibiti wani tela ke zaune, guntun zare maƙale a gemunsa. 'Yarsa na jingine da shi. An yi mata aiki a maƙoshi don abinci ba ya wucewa. Yana ba ta cokalin madara, tana riƙewa a kumatu.

"Haɗiye mana, uwata. Likita ya ce hanya ta buɗe."

Madarar na bin haɓarta.

Sai ya jawo rigarta ta makaranta yana ragewa, kamar kullum in ta ƙara ramewa.

"Baba, za ta yi mini?"

"Har matse ki za ta yi, lukuta!"

Wai don kada uwar yarinyar, da ke zaune gefensa, ta tsorata yake yi. Amma uwar ce ke zura masa zare a allura, don shi ya yi ta kuskure kafar.