Takun Mai Unguwa a Ƙofar Gidanmu

Ina leƙe daga zaure, mai unguwa yana auna gidajen layinmu da taku. Zamanin soja ne, za a gina mana lambatu nan Lafia, masu gidaje za su raba kuɗin, kowa gwargwadon faɗin gidansa.

Da ya zo namu sai ya riƙa buɗe ƙafa don takun ya ragu, saboda Baba ne malaminsa na allo.

Baba ya ce, "Takun da ka rage mini, kan wa zai faɗa?"

"Haba Malam, ai cikin jama'a zai ɓace."

"Jama'ar har da Iya mai ƙosai. Koma ka sake."

Ya sake, taku uku suka ƙaru.

Har yau in an yi mini alfarma, nakan tambayi kaina wa zai biya. Ku fa?